Hita da Sanyin Asuba: Abin da Ke Hana Tsohuwar Motar Gas Tashi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, duk mai sammako a tashoshin kaya na kudancin Kano ya san wannan sauti: kik yana gurnani, inji yana juyawa, farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana tuttuɗowa daga salansa, mota kuwa ta kafe. Ana jin sa a Kwanar Dangora, inda direbobi kan kwana a bakin titin Kano zuwa Zariya. Ana jin sa a Tudun Wada wajen masu lodin shinkafa, da ƙauyukan Doguwa inda ake fito da masara. Motar da jiya da la'asar murɗa makulli ɗaya ta ishe ta, yau sai an tara majiya ƙarfi sun tura, ko an nemo tsumma da fetur.

Ciwon abin shi ne lokacin da yake zuwa. Sanyi da jigilar kaka tare suke tafiya, don haka watannin da mai mota ke sa ran mayar da abin da ya kashe da damina su ne watannin da inji ke yi masa gardama. A Kano ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asubar Disamba da Janairu, wasu ranakun har ya kusanci 10. In aka bi hanyar da ta ratsa dajin Falgore aka haura wajen duwatsun Riruwai, ƙasa ta ƙara tudu, sanyi ma ya ƙaru. A Bebeji kuwa madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, ita ke ɗauke da noman ranin da ke samar wa ƙananan motoci lodin tumatir. Buhun masara mai zuwa kasuwar Dawanau zai iya jiran awa uku. Kwandon tumatir mai zuwa kasuwar 'Yankaba ba zai jira ba.

Direbobi da yawa sun gama yanke hukunci cewa tsufa ne kawai. Wasu kuma da mota ta ƙi tashi sai su ce hita ce, a je a sayo sababbi. Kowanne akwai ƙamshin gaskiya a zancensa, amma yanke hukunci ba tare da gwaji ba shi ne ke cinye kuɗin mai mota.

Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Wutarsa daga matsi take fitowa. Fistin ya zuƙi iska zalla, ya matse ta har ta koma kamar kashi 1 cikin 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, a daidai lokacin nozul ya fesa gas, gas ya kama da kansa. Wanda ya taɓa ba wa tayar keke iska da famfon hannu ya ji gindin famfon ya ɗau zafi, ya riga ya san dabarar da Rudolf Diesel ya gina injinsa a kai, injin da ya yi aiki yadda ake so a Augsburg ta ƙasar Jamus a 1897. Da asubar hunturu kuwa zafin nan ta ko'ina guduwa yake yi. Ƙarfen inji ya kwana yana shan sanyi, yana tsotse zafin iskar tun kafin gas ya iso. Baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, batir shi ma sanyi ya rage masa ƙarfi. In inji yana juyawa a hankali, iskar da ake matsewa tana samun zarafin sulalewa ta gefen ringi, balle a injin da ya sha hanya.

Wannan giɓin hita ke cikewa. Siririn ƙarfe ce da ake ɗaurawa a kan kowace silinda, a cikinta akwai nannaɗaɗɗiyar waya, in wuta ta shiga sai bakinta ya yi jajawur, zafinsa ya kai digiri 850 ko fiye cikin 'yan daƙiƙu. Ba ta ɗumama inji gaba ɗaya, kuma ba aikinta ba ne. Wuri ɗaya take tanada mai zafi, inda feshin gas zai taɓa ya kama.

Sai dai ba kowane injin gas ne ya dogara da ita ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Injinan gida biyu ne. A gida na farko nozul ba ya fesa gas kai tsaye a kan fistin. Yana fesa shi ne cikin wani ɗan kogo da ke cikin tof silinda, wuta ta fara kamawa can sannan ta faso ƙasa. Prosper L'Orange ya yi rajistar wannan dabara a kamfanin Benz a 1909, Harry Ricardo na Ingila kuma ya fito da nasa salon mai suna Comet a 1931. Tsarin yana sa ƙaramin inji ya yi gudu ba tare da ƙara mai yawa ba, amma kogon yana ɓarnar zafi, shi ya sa irin waɗannan injina ba sa tashi da sanyi sai da hita. Su ne suka cika hanyoyin Kiru da Tudun Wada: tsofaffin Hilux da Hiace masu injin 2L, 3L da 5L, Mitsubishi L200 da L300 masu 4D56, J5 mai gas, da Marsandi 207D da 308D. A gida na biyu gas kai tsaye yake sauka kan fistin. Nan ne Marsandi 911 mai injin OM352 take, da manyan DAF da MAN, da taraktocin Massey Ferguson masu injin Perkins. Da yawansu ba su da hita a kan silinda ko ɗaya. Abin da wasu ke da shi wata 'yar na'ura ce a bakin bututun iska da ke ƙona ɗigon gas ta ɗumama iskar da ke shiga. Motar Kanta kuwa sai an duba lambar injinta, domin 4D30 mai kogo ne, 4D31 zuwa 4D34 kuma kai tsaye suke fesawa. Saboda haka in gingimari ta ƙi tashi a irin sanyinmu, a bar zancen hita, a nufi batir, kik, gas da matsi.

Tambayar farko da ƙwararren mai wayarin kan yi wa direba ba ta buƙatar sufana: "Maigida, da rana ma haka take yi?" In amsar ita ce e, wato ko an dawo daga tafiya inji da zafinsa sai an sha fama, to laifin ba na hita ba ne, don inji mai zafi ba ya neman ta. In kuwa da safe ne kaɗai, daga nan ta wuni lafiya, an kama hanya.

Sai kunne. Kik ɗin da ke juyawa da kyar, yana jan numfashi, ya riga ya faɗi inda matsalar take. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kamar 12.6 a mita in mota tana kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba lokacin da kik ke aiki. Sau da yawa ma batirin lafiyarsa lau, kan batirin ne ya yi farin gari, ko wayar da ta haɗa inji da bodi ta yi tsatsa ko ta saki. Hitoci huɗu sababbi fil ba za su ta da injin da ba ya juyawa da sauri ba.

Bayan kunne sai ido, kuma yaron mota da ke tsaye a bayan salansa ya fi direba ganin gaskiya. In ana ta murɗawa babu hayaƙi ko kaɗan, gas ne bai iso ba: ko iska ta shiga layi cikin dare ta wani tsagaggen tiyo, ko filta ta toshe, ko ɗan bawul ɗin lantarki da ke kan injekta bai buɗe ba. Gwajinsa ba wuya. A danna famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, in mota ta tashi nan take, a bi tiyo a nemo inda yake shan iska. Gas ɗin bakin hanya da aka gauraya, ko wanda ya kwana da ruwa a jarka, shi ma yana jawo wahalar tashi. Abin da ba ya faruwa a nan shi ne daskarewar gas da ake fama da ita a Turai. Wannan sai sanyi ya kai kusan na ƙanƙara, sanyin Falgore bai kai can ba. In kuma farin hayaƙi ne mai yaji a ido yake fita, gas ya iso, zafi ne babu. Motar da ke tashi da kyar tana kakkarwa, tana aiki da silinda uku, bayan minti ɗaya ta daidaita hayaƙin ya ɗauke, yawanci hita ɗaya ko biyu ce ta mutu. Wadda ta ƙi tashi ƙememe tana ta hayaƙi, ko duka sun mutu, ko wuta ce ba ta isa gare su.

Fitilar nan ta dashbod mai siffar nannaɗaɗɗiyar waya ta yaudari mutane da yawa. A yawancin tsofaffin motoci lokaci kawai take ƙirgawa. Za ta kama ta mutu a kan ƙa'ida ko da hitocin duka sun ƙone. Fitilar cikin mota ta fi ta gaskiya: kowace hita tana jan amfiya 10 zuwa 20 a farkon kamawa, don haka in an murɗa makulli aka ga hasken ya ɗan dusashe, alama ce kaya na jan wuta. In bai ko motsa ba, akwai magana.

Ga yadda gwajin yake a hannun wanda ya iya. Kayan aikinsa ƙwan fitila ne ɗaya da waya biyu. Ya maƙala waya ɗaya a jikin inji, ya ɗora ɗayar a kan siririn ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin, ya ce wa direba ya buɗe makulli ba tare da ya ta da mota ba. A ji rile ya yi ƙas, ƙwai ya kama. In bai kama ba, sai ya bi waya baya: babban fis da ke kusa da batir, rile ɗin kansa, akwatin da ke ƙirga lokaci, da na'urar da ke auna zafin ruwan inji, wadda in ta lalace takan gaya wa akwatin cewa inji da zafinsa alhali ya kwana a sanyi. Ƙarar rile ba shaida ba ce, don yakan yi ƙas bakinsa na ciki a ƙone. In kuwa wuta ta iso, sai ya kwance notocin ya ɗauke ƙarfen nan gaba ɗaya. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma muddin ƙarfen yana haɗe, hita ɗaya mai rai za ta rufa wa matattu uku asiri. Yanzu ya juya gwajin: waya ɗaya a kan jan kan batir, ɗayar yana taɓa kan kowace hita bi da bi. Wadda ƙwai ya kama a kanta, wayarta ta ciki ba ta tsinke ba. Wadda ya yi ɗif, ta mutu. Mai mita zai ga lafiyayya tana nuna abin da bai wuce om 1 ko 2 ba. Duk aikin bai fi na minti goma sha biyar ba, kuma in akwai sauran shakka sai a ciro ta, a riƙe da filaya, a ba ta wuta na 'yan daƙiƙu. Ta ƙwarai daga can bakinta take fara yin ja. Wadda ta yi ja a tsakiya bakin yana baƙi, ta gama aiki ko da ƙwai ya ce tana da rai.

Tsofaffin Marsandi na kafin wajen 1980 nasu tsarin daban ne. Hitocinsu a jere suke, wuta na bi ta cikin wannan ta shiga waccan, don haka in ɗaya ta tsinke duka sun tsaya.

Idan akwatin lokaci ya lalace, maganin da aka saba shi ne a yi dairek: a ja waya, a sa maɓalli a gefen sitiyari, direba ya danna ya ƙirga da ka. Dabarar ba laifi ba ce in an bi ta rile da fis, kuma maɓallin mai sakin kansa ne da an ɗauke yatsa. Inda ake yin gyaran gangar Auzinawa shi ne wajen zaɓen hitar. Ba duk hitar motar bolt 12 ce ke ɗaukar bolt 12 ba. Toyota, alal misali, ta yi injin iri ɗaya da tsari biyu: wani da hita mai bolt 11 wadda ke jure dogon jira, wani da mai bolt 6 ko 7 wadda aka yi don ta yi ja cikin daƙiƙu kaɗan, sannan akwati ya rage mata wuta. Zarensu ɗaya, tsayinsu ɗaya, da ido ba a bambance su sai an karanta lambar da ke jiki. A sa mai bolt 6 a motar dairek, direba ya danna ya ƙirga ashirin, ba za ta yi mako ba. A sa mai bolt 11 a motar da akwatinta ke yanke wuta da wuri, ba za ta taɓa yin ja sosai ba, a yi ta zargin kaya jabu ne. Injinan da ake sayowa 'yan Beljiyam sun ƙara dagula lissafi, domin inji daga wata mota yake, wayarin kuma na wata. Wanda za shi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen hita ya tafi da tsohuwar a aljihu, ya kuma san tsarin da ke motarsa. A can zai tarar da na Bosch, NGK, Denso da Beru, zai tarar da na hannu da aka ciro daga tsofaffin injina, kuma kamar kowace kasuwar kayan gyara, sai ya lura da jabun da ke sanye da kwalin na gaske.

Hitar da ke yawan ƙonewa tana ba da labarin wani abu ne dabam. Nozul mai ɗiga maimakon feshi yana cinye bakinta, haka taimin ɗin injekta da ya yi gaba. Rile da ya manne yana barin ta a kunne har mota ta kai Saminaka. Akwai kuma al'adar jona ƙaramar mota da babbar mota mai bolt 24 don kik ya yi gudu. Mota takan tashi, amma hitocin da akwatinsu su ne ke biyan kuɗin.

Duk waɗannan ƙananan asara ne in aka kwatanta da abin da tsumman fetur ke yi. Direba ya cire tiyon iska, yaro ya kanga tsumma jiƙe da fetur, ko ya fesa maganin sauro na gwangwani, inji ya yi wata irin ƙara kamar ana dukansa da guduma, ya tashi. Ƙarar nan ba ta lafiya ba ce. Fetur da iskar gwangwani suna kamawa tun fistin bai iso sama ba, sai wutar ta doke shi yana kan hawa. Ringi ke karyewa, gefen fistin ya tsage, kogon tof silinda ya fashe, gasket ya ƙone. In akwai hita mai rai da ta yi ja a lokacin, wutar na iya dawowa ta bututun iska ta sami hannu da fuskar yaron da ke tsaye a wurin, wanda galibi shi ne mafi ƙanƙanta a tafiyar kuma ba shi da bakin cewa a'a. Direbobi kan ce mota ta saba da fetur, ba ta tashi sai da shi. Ba sabo ba ne. Kowace safiya ana rage mata matsi, har ta kai inda ko sababbin hitoci ba za su ta da ita ba. Matsalar da za ta ƙare a kan hita biyu da rile ɗaya ta koma sauke inji. Mai mota da ke zaune a gida yana jiran balas ya kamata ya tambayi yadda ake ta da motarsa da safe, domin shi zai biya.

Akwai abin da direban da asuba ta ritsa da shi a daji zai yi ba tare da ya cuci inji ba. Ya ba hita wuta sau biyu kafin ya murɗa. Ya taka kuloci don ya rage wa kik nauyi, ya kashe fitilu. Kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 yana murɗawa, ya bar kik ya huce kafin ya sake. Ruwan ɗumi a kan tof silinda da bututun iska yana taimakawa ƙwarai, in an kauce wa wayoyi da bakin shigar iska. Ajiye mota a gangara ba aibu ba ne in birki na da kyau kuma an sa weji, amma ko turawa za a yi a fara ba hita wuta. Hura wuta a ƙarƙashin inji kuwa, ga tiyon gas ga lodin busasshen kaya a sama, kasada ce da ba ta da riba. A da wasu kan bar inji ya kwana yana aiki. Tun da farashin gas ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022, wannan ya fi ƙarfin aljihun mai ƙaramar mota, kuma kuɗin gas na 'yan darare ya isa sayen hitocin.

Cire tsohuwar hita ma yana son haƙuri. Wadda ta shekara biyar a wurinta, baƙin gawayi ya kama ta, wani lokaci bakinta ya kumbura. A kwance ta inji da ɗumi, a jiƙa zaren da mai tun dare, a riƙa juyawa gaba da baya kaɗan-kaɗan. Wanda ya sa dogon bututu a sufana ya danna da ƙarfi, in ta karye a ciki, ko bakinta ya gutsure ya faɗa kan fistin, sai an ɗaga tof silinda. In biyu sun mutu a cikin huɗun da aka ɗaura rana ɗaya, sauran ma suna hanya, gara a sauya duka, a kuma share ramin kafin a sa sabuwa. Watan Oktoba ya fi dacewa da wannan aiki, kafin lodi ya kankama, lokacin da mota za ta iya wuni a gareji ba a yi asarar kasuwa ba.

Saura motar da aka gwada komai aka samu lafiya, batir cike, hitoci na ja, gas na isowa, amma har yanzu sai an tura. Nan ne maganar masu cewa tsufa ne take zama gaskiya, kuma ita ma ana auna ta. Ana cire hitocin a ɗaura ma'aunin matsi a raminsu. A injin Toyota 2L da 3L lafiyayye ana sa ran wajen kilo 32 a kan kowane murabba'in santimita, kuma 20 ita ce iyakar da kamfanin ya yarda da ita. Alamar da ake gani ko ba ma'auni ita ce hayaƙi mai yawa da ke busowa in an buɗe murfin baƙin mai inji yana aiki. Abin da ke kai injinan yankin nan ga wannan hali da wuri shi ne ƙura. Hanyoyin da ke shiga gonakin Kiru da Doguwa burji ne, hunturu kuma yana ƙara nasa, ga filtar iska da aka bubbuga aka hura har ta huje, ko aka cire ta gaba ɗaya wai don inji ya sha iska. Ƙurar da ta wuce filta ita ke goge ringi da bangon silinda. Injin da ma'auni ya nuna ya sauka ƙasa da 20, aikinsa na ringi da silif ne, kuma ya kamata a ɗaura masa sabuwar filtar iska a ranar da aka mayar da shi kan mota.